Audi TT quattro ta farko a titunan Kaduna: abin dubawa kafin saye, da yadda ake riƙe ta

A cikin tsofaffin motocin gudu masu ƙofa biyu, masu turbo, waɗanda ƙafafunsu huɗu duka ke ja, sunayen da masu sha'awa suka fi ambata su ne Toyota Celica GT-Four, Mitsubishi Eclipse GSX da 3000GT VR-4, Nissan Skyline GT-R, sai Audi TT quattro. Dukansu motoci ne na gaske. Amma ga mazaunin Kaduna da yake son ya hau mota ya je Zariya ya dawo, ba wai ya ajiye ta ƙarƙashin tamfol yana jiran kaya daga Japan ba, wadda za a iya riƙewa ita ce TT ta farko, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2006. Skyline GT-R ta wancan zamani sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda da irin wannan sitiyari ba. Sauran kuma kayansu sai an sha wahala.

Dalilin da TT ta fita daban shi ne, idan ka ɗaga bodinta, Golf 4 ce a ƙasa. Shimfiɗa ɗaya aka gina su a kai, tare da Bora da Audi A3 na lokacin. Injinta 1.8T mai bawul 20, shi ne a cikin Golf 4 GTI da wasu Jetta da Passat. Saboda haka kwayil, fulogi, tamostat, famfon ruwa, da yawancin na'urorin auna abubuwa, ana samunsu a Oriakpata ko Panteka, in sun gagara a nan a aika Kofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Abin da ba ta haɗa da Golf ta gari ba shi ne fitilun gaba, gilasai, bodi, agogon dashbod, ƙafar baya, da turbo ɗin mai ƙarfin doki 225. Waɗannan su ne za su sa ka jira, don haka motar da fitilarta ta fashe ko gilashin bayanta ya tsage, a rage mata kuɗi sosai.

Ka fara sanin wacce kake kallo, domin ba kowace TT ce quattro ba, wato mai jan ƙafa huɗu. Mai ƙarfin doki 180 akwai mai jan gaba kaɗai, akwai mai jan huɗu. Mai 225 kuwa duk quattro ce, giyarta shida ta hannu, tana da intakula biyu masu sanyaya iskar turbo, ɗaya a kowane gefen bamba, turbo ɗinta K04, salansarta baki biyu. Kada bakin salansa ya ruɗe ka, mai walda na iya ƙara shi a wuni ɗaya. Ka duba lambar injin: APX ko BAM ga 'yan Turai masu 225, AMU ko BEA ga 'yan Amurka. Akwai takarda manne a cikin but, wajen tayar safiya, mai ɗauke da lambar injin da ta giyabos. Lambar shasi kuma da TRU take farawa, domin a Hungari aka haɗa motar. Mai injin 3.2 da ta fito a 2003 ba ta da turbo, zancenta daban ne.

Takardu kafin komai. Shekarun waɗannan motoci sun wuce iyakar da kwastam ta ƙayyade wa motar da za a shigo da ita, don haka wadda ta daɗe a ƙasar nan za ka saya, ko da dillali ya rantse maka Beljiyam ce jiya ta sauka. Ka ga takardar biyan kuɗin kwastam, ka gwada lambar shasin da ke jikinta da wadda ke jikin ƙarfen motar, harafi da harafi. Sannan ka leƙa bangon da ke tsakanin injin da ɗakin direba. Idan ka ga walda, ko wani rami da aka toshe a ɓangaren dama, to 'yar Ingila ce aka juya mata sitiyari. Ka bar ta. Wayoyi, bututun birki da sandar sitiyari duk an yanka an haɗa, kuma mota ce da ke haura kilomita 200 a awa.

Maganar gudu ta kawo mu kan wani abu na tarihi da ya shafi mai saye. TT ɗin farko-farko sun yi munanan haɗurra a Turai idan ana tsananin gudu, har kamfanin ya janye su a ƙarshen 1999 zuwa 2000, ya ƙara ɗan fiffike a bayan but, ya sauya wasu kayan ƙafa, ya kawo na'urar ESP mai daidaita mota idan za ta ƙwace. Idan ka ga ƙirar 1999 ba fiffike, ba maɓallin ESP a dashbod, ka san ba a yi mata wannan gyara ba.

Ka je ganin mota da sassafe, kuma ka gaya wa mai ita kada a tayar kafin ka zo. Ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyi yake. Da an murza makulli, ka saurari ɓangaren giyabos na kan injin. Akwai 'yar sarƙa a can da ke haɗa kamshaf biyu. Ƙarar kacau-kacau ta daƙiƙa ɗaya ba komai, amma in ta ci gaba, ko abin da ke ɗaure sarƙar ya gaji ko baƙin mai ba ya isowa sama da ƙarfi. Na biyun shi ne abin tsoro.

Ciwon injin 1.8T shi ne daskarewar baƙin mai. Turbo yana dafa mai da zafi mai tsanani. Idan man ba sintetik ba ne, ko an bar shi ya daɗe, sai ya ƙone ya zama gawayi-gawayi, ya gangara cikin botom filet, ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Daga nan turbo ne ke fara mutuwa, sai kamshaf, sai metal. Ka buɗe murfin zuba mai ka haska da tocila: launin zuma ko ruwan ƙasa lafiya, baƙin kwalta mai ɓarɓashi kuwa alama ce. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ɗaura gejin hannu a mazaunin na'urar auna ƙarfin mai. Da injin ya yi zafi, a juyi 2,000, kada ya gaza bar 2. Wanda ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa. Ko da ya nuna lafiya, aikin farko bayan saye shi ne a sauke botom filet, a wanke, a sa sabuwar rariya da robarta. Kayan ba su da tsada, kuma su ne ke tsakaninka da sayen wani injin.

Man da take sha shi ne 5W-40 sintetik mai lambar VW 502 00 a jikin galan, lita huɗu da rabi har da filta. Yawancin garejinmu 20W-50 suke zubawa kowace mota, wai zafin ƙasarmu ya fi son mai kauri. Wannan ya dace da Fijo 504 da aka haɗa a Kakuri, bai dace da injin da ke tura mai ta siririn bututu zuwa turbo ba. A ƙurar Kaduna da cunkoson Kawo, ka sauya duk kilomita 5,000 zuwa 7,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Kuma ka sayi man a inda ka amince, domin jabun mai a galan mai kyau ya yi yawa.

Tayimin bel. Idan ya tsinke, fistin zai haɗu da bawul, kuma bawul ashirin ne a kan nan. Littafin kamfani ya ba shi dogon wa'adi, amma da yawa sun tsinke kafin su kai, shi ya sa masu riƙe motar suka tsaya a kan kilomita 90,000 zuwa 100,000 ko shekara biyar. Da zafin Maris da Afrilu na nan, shekara huɗu ta fi kwanciyar hankali. In babu rasit mai kwanan wata, ka ɗauka ba a taɓa sauyawa ba. Kuma ba bel kaɗai ake sauyawa ba. Sau da yawa ba shi ne ke fara lalacewa ba, ɗan famfon haidirolik da ke matse shi ne ke saki, ko famfon ruwa ya cije. Famfon ruwa na asali fankarsa ta roba ce, tana tsagewa ta riƙa juyawa a banza a kan sandarta; alamarsa mota ta yi sanyi a tsaye, ta yi zafi da an taka. Saboda haka saiti guda ake saya: bel, fule, abin matsewa, famfon ruwa, tamostat, da fanbel na waje. Dole a tokare injin a cire mazauninsa na dama kafin a kai ga bel, kuma kusoshin mazaunin irin masu miƙewa ne, sababbi ake sawa. Bayan an ɗaura, makanike ya juya injin da hannu sau biyu cikakku, ya sake duba alamomin sama da ƙasa kafin a taɓa makulli. Ka tsaya a wurin ka gani da idonka.

Yanzu ga abin da ya sa ake kiranta quattro, kuma a nan aka fi cutar masu saye. TT ba kullum take jan ƙafa huɗu daidai ba. Ƙafar gaba ce ke yawancin aiki. Akwai furofela da ke tafiya baya zuwa wata na'ura mai suna Haldex, manne da difaranshal na baya. A cikinta akwai faifan kuloci da ke iyo a mai, da ɗan famfon lantarki, da filta, da 'yar kwamfutarta. Da ƙafar gaba ta fara zamewa, sai mai ya matse faifan, ƙarfi ya tafi baya. Idan Haldex ta mutu, motar za ta ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru, sau da yawa ko fitila ba za ta kama a dashbod ba. Mutum na iya shekara yana jan ƙafa biyu da nauyin ƙafa huɗu.

Ka sa a hau da ita kan rami, ka fara duba ko furofelar ma tana nan. Ba wasa ba ne. Ɗabi'ar wasu garejinmu ce idan furofela ta fara ƙara a kwance ta a jefa a but, a ce ai mota za ta fi shan mai kaɗan. In tana nan, ka girgiza ta ka ji ƙwallon tsakiya, ka duba robar da ke haɗa ta da Haldex ko ta tsattsage, ka duba siririyar wayar at da ke jikin difaranshal, domin tana ruɓewa ta yanke. Daga nan ka nemi fili mai jar ƙasa ko tsakuwa inda ba mutane, ka sauke birkin hannu gaba ɗaya, ka tashi a giya ɗaya da ɗan ƙarfi, wani yana kallo daga gefe. Lafiyayya za ta ɗan karta ƙasa ta wuce, ƙafar baya na turawa. Matacciya za ta tsaya tana watsa ƙasa da ƙafar gaba. Na ce a sauke birkin hannu sosai domin kwamfutar Haldex tana sakin kuloci idan ta ga an ja shi. Makunnin birkin hannu da ya lalace kaɗai ya isa ya kashe jan baya. Sai kuma ka karya sitiyari har ƙarshe a kan kwalta, ka yi zagaye a hankali. Idan ƙafar baya na tsalle tana gurnani, kulocin ya cije, ko tayoyin ba girmansu ɗaya ba.

Man Haldex nasa ne na musamman, lambarsa G 052 175 A1, yana zuwa cikin gwangwani mai mililita 275 da ake matsawa da bindigar silikon. Ana sauya shi duk kilomita 30,000, filta kuma duk 60,000. Ta ramin da aka zubar da tsohon ake tura sabon, a yi maza a mayar da kusa. Filtar a lungu take, sai da sifana mai lanƙwasa da aka yi dominta. Kuskuren da ke kashe mota a nan shi ne Haldex da difaranshal gida ɗaya suke amma mansu daban, kusoshinsu kuma kusa da juna. Makaniken da bai sani ba sai ya zubar da man difaranshal, ya ƙara wa Haldex, ya sallame ka da difaranshal a bushe. Ko kuma ya ɗura man giya a Haldex, faifan su lalace. Kada a zuba mata ATF, wato man giyar otomatik, kada a zuba man giya, komai rantsuwar mai shago.

Tayoyi huɗu su zama iri ɗaya, girma ɗaya, cinyewarsu kusa da juna. A mai 225 yawanci 225/45 R17 ne. Sayen tayar Beljiyam ɗaya-ɗaya, wannan sabuwa wancan rabi, yana sa Haldex ta ɗauka kullum ana zamewa, ta yi ta aiki tana zafi. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshen DOT a gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Kusoshin ƙafa 120 Nm ake ɗaure su, ba yaron mai faci ya hau kan sifana da ƙafa ba. In ta lalace a hanya, a ɗora ta gaba ɗaya a kan motar ɗaukar mota, kada a ɗaga gaba a ja ta da ƙafar baya a ƙasa.

Zafi. Allurar gejin ruwa ta hau 90 ta tsaya cak. Amma agogon dashbod na wannan mota sananne ne da ƙarya: gejin fetur, gejin zafi, da rubutun allon tsakiya duk suna lalacewa. Akwai hanyar gane gaskiya ta na'urar iyakwandishan: ka danne maɓallin juya iskar ciki tare da kibiyar sama, ka juya zuwa 49C, ka sake danna maɓallin, zai nuna maka ainihin zafin ruwa. Idan a kan hanya yana yawo a 70, ko tamostat ya mutu a buɗe ko an cire shi. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye shi ne gyaran da ya fi ɓata mini rai a garejinmu. Burenbos, wato kwamfutar injin, zai ɗauka injin bai gama ɗumi ba, ya yi ta ƙara fetur, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. A mayar da tamostat mai 87, a gyara fanka ta yi gudunta biyu. Ka buɗe akwatin fis da ke kan batir, yana narkewa a wajen fis ɗin fanka. Ruwan lagireto G12 ne mai launin hoda, rabi da rabi da tataccen ruwan batir marar asid, ba ruwan rijiya ko na leda ba. Akwai mahaɗar roba a gefen kan injin da ke tsagewa da tsufa, a sauya ta tun ba ta zubar ba. In ka kashe mai 225 ka ji wani ɗan famfo yana ƙara na kusan minti goma, kada a yanke masa waya, ruwa yake zagayawa da shi don turbo ya huce.

Fetur ɗinmu matsala ce da ba ta da magani sai dabara. Mai 225 an yi ta ne don oktan 98, tana haƙuri da 95, gidajen manmu kuwa iri ɗaya suke sayarwa, kuma bai kai haka ba. Injin yana da na'urori biyu masu jin ƙwanƙwasa, burenbos yana ja da wuta baya don kare fistin, shi ya sa motar ke rayuwa. Amma kariyar tana da iyaka. Kada ka taka ta ƙasa a giya shida tana juyi 1,800 da tsakar ranar Afrilu. Sauko giya, bari injin ya juya. Kuma kada ka yarda a yi mata rimaf, wato a sake tsara burenbos, don ƙarin ƙarfi a kan wannan fetur. Wanda ke da kwamfutar VCDS, mai gwada motocin Audi da Volkswagen, zai nuna maka a rukuni na 020 yawan yadda ake ja da wuta a kowace silinda, a 115 iskar da ake nema da wadda turbo ke bayarwa, a 032 ko akwai iska da ke shiga ta ɓaraka. Haldex kuma a adireshi na 22 take. In kwamfuta ba ta same ta ba, ka nemi fis da waya. Ƙaramar sikana ta kasuwa injin kaɗai take gani. Filtar fetur tana ƙarƙashin mota kusa da tanki, a sauya ta da an saya. Waɗanda suka ga abin da gurɓataccen fetur na Fabrairun 2022 ya yi wa famfuna da nozil ba sa buƙatar a tuna musu. Tankin quattro lita 62 ne, kuma a cikin gari ka sa ran lita 12 zuwa 13 a kilomita ɗari. Tun cire tallafi a Mayun 2023 wannan lissafi ne da za a yi kafin a biya la'ada.

Rashin ƙarfi a wannan injin ba kasafai turbo ne ke jawo shi ba, ko da yake shi ake fara zargi. Tiyo-tiyon iska na roba da ke ƙarƙashin manifol sun shekara ashirin suna gasuwa, suna karyewa kamar busasshen kara. Bawul ɗin da ke mayar da iska idan ka ɗaga ƙafa fatarsa na yagewa. Na Bosch mai ƙarewa da 710N ake sawa. Sai N75 mai sarrafa ƙarfin turbo, sai na'urar auna iska da ke bayan iya filta, wadda ƙurar hunturu ke kashewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka duba iya filta duk wata, ka sauya ta maimakon a hure ta da iskar mai faci, kuma ka guji filtar nan mai jiƙe da mai da samari ke ɗaurawa don ƙara. Idan injin na rawa yana tsallake wuta, yawanci kwayil ne. Ka riƙe guda ɗaya a but. Na farkon ƙira da kusa ake ɗaure su, na baya turawa ake yi, ka san naka kafin ka je kasuwa. Fulogi NGK PFR6Q, tazara milimita 0.8. Turbo da ya mutu da gaske shuɗin hayaƙi yake yi bayan an daɗe a tsaye, ko kuka kamar jiniya. Ka kuma leƙa ko indomin salansa, abin da ke tace hayaƙi, na nan, domin ana yanke shi a sayar.

Kuloci in ya zo, a yi shi gaba ɗaya. A giya shida, famfon kuloci na ƙasa a cikin giyabos yake, filawil kuma mai hawa biyu ne. Sauke giyabos a quattro aikin yini ne cur, bai kamata a yi shi sau biyu don an bar tsohon famfo ba.

Abin da ya rage shi ne ƙasa. Motar gajera ce, botom filet ɗinta na alminiyam ne, ba ya lotsewa, fashewa yake. Tudun rage gudu na cikin unguwanni da ramukan da damina ke buɗewa a hanyoyin Rigasa da Tudun Wada su ne maƙiyanta. Ka hau tudu a karkace, a giya ɗaya. Kada ka rage mata tsawo, kuma ka duba sifirin na baya, suna karyewa a zoben ƙarshe motar ta zauna ba ka lura ba. Idan ruwa ya kwanta a titi a watan Agusta har ya kai rabin taya, ka juya, jan ƙafa huɗu ba ya hana injin shan ruwa. A Panteka akwai masu iya yanka maka farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 a ɗaura ƙarƙashin injin. A kafa shi a jikin shasi da sabfirem, ba a jikin injin ba, a bar tazarar yatsa tsakaninsa da botom filet, a huda masa ramukan iska da ƙofar kusar zubar da mai. Idan jar fitilar baƙin mai ta taɓa kamawa bayan ka ji ƙarar dutse a ƙasa, ka kashe injin a inda kake, ko da a tsakiyar Ahmadu Bello Way ne, a tura ta gefe da hannu.